Ƙanzon Lantana

Duk direban da ya taɓa yin lodi a tashar Jabi ya san rumfar Lantana. Wanda ya ce bai san ta ba, ko dai sabon zuwa ne, ko kuwa matarsa ce ta hana shi cin abincin waje. Rumfar tana can bayan layin motocin Kaduna, jingine da katangar masallaci. Akwai benci biyu da suka girmi rabin direbobin da ke zama a kansu, da manyan tukwane a kan gawayi, sai ita kanta Lantana, gajeriyar mace kakkaura, zani ɗaure a ƙugu, muciya a hannu. Hajiya suke kiranta, alhali iyakar tafiyarta Makka ita ce rakiyar maƙwabta zuwa filin jirgi. Ta yi gyaran har ta gaji, ta ƙyale su.

Tuwon shinkafa take yi da miyar taushe, da shinkafa da miya, ranar Juma'a kuma ta ƙara da dambu. Amma ba girki kaɗai ya sa sunanta ya zagaye tashar ba. Lantana mace ce mai dubiya. Idan aka ce wani ɗan kamasho ya kwanta a asibiti a Gwagwalada, ko matar wani bakanike ta haihu a Lugbe, kafin dangi su gama tambayar hanya ita ta riga ta isa, da filas ɗin kunu da kular farfesu, ta zauna a bakin gado. Tana da wata sannu mai tsawo wadda take jawowa tun daga can cikin ƙirji, har marar lafiya ya ji an rage masa rabin ciwon. Ɗangoggo, direban Zariya da ya fi kowa daɗewa yana ci a rumfar, kuma ya fi kowa tsokanarta, yakan rantse cewa da gangan wasu ke kwanciya don su ji wannan sannu.

Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa gani, wato Lantana a zaune tana cin abinci. Sai an sallami kowa, rana ta yi sanyi, sannan ta karkato tukunya ta kankare ƙanzon da ya kama gindinta, ta ɗiga masa mai, ta barbaɗa yaji, ta ci a tsaye tana kallon hanya ko wani mai yunwa zai ɓullo. In kuwa ya ɓullo, ƙanzon ma sai an raba.

Ba a Abuja ta koyi wannan ba. Daga Tudun Wadan Zariya ta taho da shi, daga wurin mahaifiyarta, Inna, wadda ita ma tuwon sayarwa ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Inna takan ce, "Saman tukunya na baƙo ne, tsakiya na yara, gindi na mai girki." Tana yarinya Lantana ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin wahala ba, daɗinsa ma take ji. Lokacin ƙanzo ne kaɗai Inna take zama tata ita kaɗai. Gida ya yi shiru, su biyu a gindin murhu, Inna na kankara da guntun ludayi tana ba ta labarin mutanen da. Har yau in ta ji ƙarar kankarar tukunya sai ta ji kamar Inna na tsaye a bayanta. Shi ya sa duk wanda ya ce mata ta daina cin ƙanzo, ji take tamkar cewa ya yi ta rabu da uwarta.

Tana amarya ta zo Abuja, a bayan tifa, ita da mijinta Badaruddeen birkila, lokacin garin duk jar ƙasa ce da turaku da igiyoyin awo. Jabi kuwa ƙauye ne sosai. Matan Gwari na wucewa da itace a kafaɗa, masunta na shanya koma a bakin tafki, ana kawo doya daga Yangoji wadda guda ɗaya kan ci da gida. Leburori daga kowace kusurwa ta ƙasar nan sun cika wurin, kowa ya baro matarsa a garinsu, kowa da yunwarsa. Da tukunya ɗaya ta fara, a gindin wani mangwaro da yanzu jerin shaguna ne a wurin. Ranar Lahadi Badaruddeen kan goya ta a keke su zaga, yana nuna mata gine-gine. "Kin ga wancan? Ni na ɗora bulon hawa na uku." Har yanzu in motar da ta hau ta bi ta wajen, sai ta ɗaga kai ta dubi hawa na uku. Shi ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Ikilima. Bayansa aka yi rusau, ɗakunan kwanon da suka zauna a ciki suka bi iska, suka tattara suka koma Lugbe. Tana kewar wancan Jabin ƙwarai, kuma ba ta ɓoyewa.

Daga mutanen wancan zamani mutum ɗaya ta rage mata, ita ce Angelina, 'yar Pankshin, wadda take kira Sista. Bangon kwano ne kawai ya raba ɗakunansu a tsohon Jabi, lokacin Angelina tana sabuwar nas. In tana aikin kwana Lantana ce ke goya mata 'ya, in Ikilima ta yi zazzaɓi Angelina ce asibitinsu. Da Sallah a kai wa Angelina tuwo da nama, da Kirsimeti a kawo wa Lantana shinkafa da kaza, kazar da Angelina ke ɗauka takanas ta kai wa mahauci Musulmi ya yanka don kada a sami abin cewa. Rusau ya raba musu gida, amma zumuncin yana nan.

Da ƙara gwiwoyin Lantana suka fara. In ta tsuguna sai su yi ƙas-ƙas, Ɗangoggo ya ce, "Hajiya, shokozoba ta mutu, sai an kai gareji." Ita kuma ta ɗaga masa muciya. Daga ƙara sai ciwo. Ta shafa man zafi, ta ɗaure da tsohon kallabi, ta ci gaba da tuƙi. In sun ƙi tashi sai ta dunƙule hannu ta doke su, ta ce, "Ku tashi, malalatan banza, wa zai yi muku aikin?" Matar da ko akuyar maƙwabta ba ta taɓa yi wa tsawa ba, haka take magana da ƙafafunta. Da Ikilima ta ja ta asibiti, likita ya duba hoton ƙashi ya ce guringuntsi ya zaizaye, ta rage tsayuwa, ta riƙa motsa jiki a hankali. Ta ce to, ta yi godiya, ta wuce gindin tukunya.

Sai ranar da ta yi sujada ta kasa ɗagowa, har sai da Ikilima ta kama ta. Tun daga nan ta koma sallah a kan farar kujerar roba, a bayan labulen buhu da ta kewaye wani lungu da shi a rumfar. Malam Musaddiq, limamin masallacin tasha, ya gaya mata cewa ladanta cikakke ne, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ta yarda da Malam, amma zuciyarta ba ta huce ba.

Abin da ta kasa gaya masa shi ne, a duk rayuwarta sujada ce kaɗai wurin da ba a kiranta. Tun asuba sunanta ke bakin mutane: Hajiya ƙaro miya, Mama ina kaza, Hajiya wane ba lafiya. Amma da zarar goshinta ya taɓa ƙasa, ba mai ce mata uffan. A nan ta yi kukan Badaruddeen, a nan ta yi na Inna, a nan take jin sanyin ƙasa yana ratso sallaya yana taɓa mata fuska. A kan kujera kuwa sai dai ta sunkuyar da kai a iska, tana ji kamar mai gaisuwa daga bakin ƙofa da ba a ce ta shigo ba. Baƙin tabon da ke goshinta ya soma dusashewa. Wata rana ta hango shi a madubin motar Ɗangoggo, ta koma bayan labule ta yi hawaye, da aka tambaye ta ta ce albasa ce. Ba ta neman komai a wurin waɗannan gwiwoyi face su kai goshinta ƙasa, ko da sau ɗaya ne kafin ta mutu.

A lokacin Angelina ta yi ritaya. Duk safiyar Asabar takan tara mata a bakin tafkin Jabi, a shimfiɗa tabarmi, tana koya musu yoga, wani irin motsa jiki na miƙe gaɓɓai da jan numfashi, wanda ta koya a wurin wata likita 'yar Indiya da ta yi aiki a ƙarƙashinta. Ta daɗe tana gayyatar Lantana, Lantana na zillewa.

"Sista, wannan abin da kuke yi a bakin ruwa, an ce rana ake bauta wa."

"Haba, Maman Ikilima! Ni da nake waƙa a choir na coci tun ina yarinya, ni ne zan bauta wa rana? Miƙe jiki ne kawai da breathing. Ban yi miki alkawari ba fa, amma na ga waɗanda gwiwansu ya fi naki lalacewa, kuma sun samu sauƙi."

Duk da haka sai da ta tambayi Malam Musaddiq. Ya ce in dai motsa jiki ne, ba kiran wanin Allah, kuma cikin sutura tsakanin mata, ba laifi. Ya ƙara da cewa, "Jiki amana ne, Hajiya, shi ma yana da haƙƙi a kanki." Ta ji ba laifin, ta riƙe. Maganar haƙƙin kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Asabar ɗin farko ta bar wa Ikilima rumfa, ta hau tasi da hijabinta da wando a ƙarƙashin zani. Ta daɗe rabonta da bakin tafkin. Inda masunta ke shanya koma yanzu samari ne ke gudu da waya a kunne, ga ƙaton kanti a tsallake. Ta tsaya tana neman wani dutse da ita da Angelina ke wanki a kansa, ba ta gan shi ba. Tana cikin wannan nema sai ta juyo ta ga matan sun durƙusa, sun zauna a kan dugadugansu, sun kifa goshi a tabarma. Angelina na ce wa wannan kwanciyar jariri. Lantana ta zuba musu ido, domin wannan da sujada ai ɗan juma ne da ɗan jummai. Ta yi wuf za ta durƙusa.

Angelina ta riƙe mata kafaɗa. "A'a, ba yanzu ba. Ke ki kwanta da baya, ki ɗaga ƙafa ɗaya small, ki sauke. Shi ke nan aikinki na yau."

Lantana ta kwanta, amma ranta ya ɓaci. Ita da ta tuƙa tuwon da ya gina rabin Abuja, ita ce za a shimfiɗe a bainar jama'a tana ɗaga ƙafa kamar jinjiri ana canza masa tsumma? Ta ɗaga ƙafar don kunyar Sista, a zuci kuwa ta riga ta yanke shawara. Abin da ta sani game da aiki ɗaya ne: in tuwo ya yi gardama, ƙarfi ake ƙara masa. Da ta koma gida sai ta rufe ƙofa, ta dafa gado, ta danna gwiwoyin ƙasa. Suka ƙi, ta doke su. Safe da yamma haka take yi, tana cije leɓe, tana cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ba a yi nisa ba, wata safiya ta saki nauyinta gaba ɗaya a kan ta dama, ta ji wani abu ya tsinke a ciki. Kafin azahar gwiwar ta kumbura suntum, ko taka ƙasa ba ta iyawa.

Labari ya kai tasha, tasha kuwa ta tashi ta zo Lugbe. Direbobi, 'yan kamasho, matan bakanikai, duk wanda ya taɓa shan kunun Lantana a gadon asibiti ya zo biyan bashin alheri, kowa da leda ko kula. Amma wanzami ba ya son jarfa. Maimakon ta kwanta a ce mata sannu, sai ta ja jiki zuwa kicin, ta hau turmi ta zauna, ƙafa miƙe, ta ɗora sanwa. Farfesun da aka kawo mata ta juye ta raba wa waɗanda suka kawo shi. Angelina ta iso ta tarar da 'yan dubiya sun cika falo suna suɗe hannu, marar lafiya kuma tana kicin tana kankarar tukunya.

Angelina ta jira har aka watse. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a gabanta, ta ɗora hannu a kan kumburin.

"Maman Ikilima, in tambaye ki. Da Ɗangoggo ne yake da wannan ƙafa, kika je dubiya kika same shi yana dukanta yana zaginta, me za ki ce?"

"Sai in ce masa ya zare."

"To me za ki yi mishi?"

"In dafa ruwa a gasa masa, in ce sannu. Me kuwa ake yi wa marar lafiya?"

"Shekara nawa wannan gwiwa yana ɗauke da ke, yana ɗauke da tukunya, ya goya Ikilima, ya goya 'yata? Kin taɓa ce mishi sannu?"

Lantana ta yi dariya har ciwon ya motsa. "Sista, in zauna ina gaida ƙafata? Ai sai a ce ni ce na zare. Mu ba a hore mu da son kai ba."

Angelina ba ta yi dariya ba. "Likitan nan da ta koya mini, kafin ta nuna mini ko ɗaga hannu, cewa ta yi, rule number one a yoga, kada ka cuci mai rai. Sai ta ce, kuma ka tuna kai ma mai rai ne. Ke inuwar giginya ce, wallahi. Na nesa duk sun sha."

Wannan ta soki Lantana. An kira ta abubuwa da yawa a duniya, amma ba a taɓa jifanta da wannan ba. Inuwar giginya ai wanda ke yi wa bare alheri ne ya bar nasa a rana. Ta ce da zafi, "Wa na bari a rana? Faɗa mini, wane nawa na taɓa hanawa?"

"Lantana," in ji Angelina. Tun da suke ba ta taɓa kiran sunanta kai tsaye ba. "Lantana, 'yar Inna. Tun tana amarya kika tsayar da ita a gindin tukunya, har yau ba ki ce ta zauna ba."

Ta ɗauki jakarta ta tafi, ta bar ta da maganar.

Washegari da hantsi, Ikilima ta tafi rumfa, gida ba kowa. Lantana ta zauna tana juya abin a ranta, sai ta tuna wani abu da ta daɗe da mantawa. A can gindin murhun Tudun Wada, in Inna na kankara, duk inda ludayi ya ci karo da ɗan tuwo mai laushi da ya maƙale a gefe, bakin Lantana take kai shi. Mai taurin ne kawai take ci. Inna ta ci ƙanzo ne don 'yarta ta ci mai laushi. Da za ta leƙo yau ta ga yadda ake dukan ƙafar 'yar tata ana kiranta malalaciya, da ba ta yafe wa mai dukan ba.

Ta ja jiki ta dafa ruwa, ta tsoma tawul ta matse, ta ɗora a kan gwiwar. Ta waiga ta tabbata ƙofa a rufe take. Ta ce, "Sannu," a gajarce, kamar mai gaida wanda suke gaba da shi. Kunya ta kama ta. Ta sake tsoma tawul. A karo na gaba sai waccan sannu mai tsawo ta taso da kanta daga cikin ƙirji, wadda ta raba wa rabin Abuja, ta fito ta sauka a kan ƙafarta. Ba ta taɓa jin ta daga wannan ɓangaren ba. Ta yi kuka sosai, kuma babu albasa a kusa.

Da kumburin ya saɓe ta koma bakin tafki, wannan karon a matsayin ɗaliba mai jin magana. Ta kwanta da baya ta ɗaga ƙafa small, kamar yadda Sista ke faɗa. Ta koyi jan numfashi ta hanci har ciki ya cika, ta sake shi a hankali. Da aka jima Angelina ta bar ta ta durƙusa a kan zani mai ninki, da tulin filo a gabanta don ta kifa goshi a kai. Wani makon a cire filo ɗaya, wani makon a mayar da biyu. Ranar da gwiwa ta ƙi, maimakon dunƙule hannu sai ta shafa ta, ta ce, "Yau ba kya so? To, Allah ya kai mu gobe." A rumfa ta yarda aka kawo mata doguwar kujera tana tuƙi a zaune. Ɗangoggo ya sauya mata suna, ya koma kiranta Hajiya 'yar Indiya, yana tambaya yaushe za ta fara rawa a kan dutse.

Dubiya ba ta bari ba, Allah ya kiyaye. Sai dai yanzu in ta gaji takan bari sai gobe, kuma ta gano cewa marasa lafiyan ba sa mutuwa don kunu ya makara da kwana ɗaya. Ƙanzon ne dai ta kasa rabuwa da shi, kuma har lokacin a tsaye take cinsa. Damina ta zo ta wuce, sallarta tana kan kujera. Wani lokaci takan fid da rai, Angelina ta ce mata sannu ba ta hana zuwa. Lantana ta ce ta san ragowar karin maganar, kuma ita shekarunta sun ja.

Ranar da abin ya faru ba ta shirya masa ba. Wata Laraba ce da azahar, tasha ta cika, ta ɗora tukunyar shinkafa ta biyu. Wata mai juna biyu da ke jiran motar Kaduna ta zo tana haki, benci ba wuri, Lantana ta shiga bayan labule ta ɗauko mata farar kujerar. Aka kira sallah, ta yi alwala, ta dawo ta tarar matar ta yi barci a kan kujerar, baki buɗe. Lantana ba za ta tashi mai ciki daga barci ba ko da za a ba ta tashar kyauta.

Ta shiga bayan labule ta tsaya. A rataye ga tsohuwar sallayarta, tsarabar Makka daga wata maƙwabciya, wadda ta daɗe ba ta shimfiɗa ba. Ta sauko da ita, ta ninka zani ta ɗora a inda gwiwa za ta sauka. Ta sunkuya ta shafa ƙafafunta, ta ce a hankali, "Mu gwada. In ba ku iya ba, ba komai, sai mu zauna a ƙasa mu yi." Ta ta da kabbara.

Ta yi ruku'u, ta ɗago. Ta ja numfashi, ta sake shi, ta bi shi ƙasa a hankali, hannu ya fara sauka, sannan ta hagu, sannan ta dama mai gardama. Ta jira ciwon nan mai kama da wuƙa. Ya zo, amma ɗan kaɗan, ya tsaya daga nesa. Sai ta ji sanyi a goshinta.

Ƙamshin sallayar na nan yadda ta bar shi, ƙura da ɗan turare. Ta yi tasbihi, ta sake yi, ta kasa ɗagowa, wannan karon ba don gwiwa ba. Duk abin da ta tara tun ranar da ta hau kujera ya kwance. Ta yi wa Inna addu'a, ta yi wa Badaruddeen, ta yi wa Sista fatan alheri. Sannan ta yi abin da ba ta saba ba, ta roƙa wa Lantana ma.

Tana nan sai ƙauri ya iso mata. Shinkafa ta kama. A waje wani na ƙwala kira, "Hajiya! Hajiya, tukunya fa!" Jikinta duk ya yunƙura zai katse ya tashi, kamar yadda ya saba tun tana amarya. Ta ji an ɗaga labule, an sake shi. Sai muryar Ɗangoggo ƙasa-ƙasa, babu wasa a cikinta ko kaɗan: "Kai, rufe mana baki. Ku bar ta." Ta bar goshinta inda yake. Ta idar da sallarta raka'a bayan raka'a, ba gaggawa, kowace sauka da kowace tashi sai da ta lallaɓa.

Da ta fito ta tarar an sauke tukunya, an raba wa fasinjoji abinci, mai cikin ma ta farka tana ci. Direbobi kuwa sun tsuguna sun kewaye tukunyar, kowa da cokali, suna kankarar ƙanzo suna ture hannun juna. Ɗangoggo ya ɗago ya dubi goshinta, inda zanen sallaya ya fito raɗau, ya yi sauri ya mayar da ido cikin tukunya.

"Hajiya, ashe shekara da shekaru abin daɗin kike ɓoye mana? To yau mun ƙwace. Naki ga shi can."

A kan benci an share wuri, an ajiye faranti a rufe. Ta buɗe. Shinkafa ce daga saman tukunya, fara tas, tana tururi, da miya da tsoka biyu. Ta buɗe baki za ta ce a ba wani, ta duba, kowa da abin da yake ci. A bayanta ƙarar kankara na tashi, irin ta gindin murhun Tudun Wada.

Lantana ta zauna. Ta yi bisimilla, ta kai loma, ta tauna a hankali. Ta kai ta biyu. 'Yan rumfar suka riƙa satar kallonta.

Ta goge ido da gefen hijabi, ta ce, "Ashe dai na iya girki."